Me Ya Sa Suga Ke Ƙin Sauka?

A shekarar 2008, wasu likitocin Najeriya sun bi manyan asibitoci bakwai a sassan ƙasar, suka auna jinin masu ciwon suga 531. Duk mutane ne da suka san suna da ciwon, suna da kati, suna zuwa ganin likita, kuma a asibitocin da ƙwararru suke. Da aka wallafa sakamakon a 2012, sai aka ga kusan mutum ɗaya cikin uku ne kaɗai sugansa yake inda ake so. Sauran biyun suna karɓar magani, suna komawa gida, sugan yana ci gaba da yi musu ɓarna.

Awon da aka yi amfani da shi sunansa HbA1c. Ya bambanta da tsira yatsa da ake yi da safe, wanda ke nuna halin da jini yake ciki a wannan lokacin kaɗai. Suga yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma suna rayuwa kamar kwana 120, saboda haka awon yana ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Mutum ba ya iya ɓoye masa komai, ko da ya kwana biyu yana cin ganye kafin ranar asibiti. Ga yawancin manya ana so ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin 100. A wancan bincike, tsaka-tsakin abin da aka samu 8.3 ne.

Idan ka tambayi ma'aikatan asibiti dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce marasa lafiya ba sa jin magana. A gida ma haka ne: Baba yana da kwaɗayi, Hajiya tana da taurin kai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kaɗan ne. Mafi yawan abin da ke hana suga sauka yana cikin halin ciwon kansa, da aljihu, da tukunyar gida, da yadda asibiti yake karɓar mutum. Ɗora wa marar lafiya laifi yana rufe bakin tambaya tun kafin a yi ta.

Ciwon ba ya tsayawa wuri ɗaya

Ciwon suga na manya, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu, matsala biyu ce a haɗe. Jiki yana daina jin insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka. Ita kuma gaɓar da ke samar da shi, fankiriyas, da ke kwance a bayan tumbi, tana gajiya sannu a hankali. Wannan gajiyar ita ce abin da ba a cika yi wa mutane bayani ba.

A Birtaniya an yi wani dogon bincike mai suna UKPDS, wanda aka fara a 1977, aka fitar da babban sakamakonsa a 1998, da mutum sama da 5,000 da aka gano suna da ciwon. Ya nuna cewa ranar da aka ce wa mutum yana da suga, ƙwayoyin da ke yi masa insulin sun riga sun rasa kusan rabin ƙarfinsu, kuma raguwar tana ci gaba. Cikin waɗanda aka ɗora a kan magani iri ɗaya, bayan shekara uku kusan rabi ne sugansu ke daidai. Bayan shekara tara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Mutanen nan suna ƙarƙashin kulawar da ba ruwanta da kuɗin aljihunsu, amma duk da haka ƙwaya ɗaya ta kasa riƙe su.

Ma'anar wannan a fili take. Dattijon da aka rubuta wa ƙwayar metformin shekara takwas da suka wuce, yake zuwa kemis da tsohon kwalin yana cewa a ba shi irinsa, ba lallai ne ya yi wani laifi ba idan sugansa ya hau. Ciwon ne ya yi gaba, magani ya tsaya a baya. Shi ya sa daɗewa da ciwon take cikin abubuwan da bincike a ƙasashe da dama ya fi dangantawa da rashin daidaituwar suga.

Binciken UKPDS ɗin ne kuma ya nuna abin da ake asara. Duk sauka da maki ɗaya a HbA1c yana tafiya da raguwar kusan kashi 37 cikin 100 na lahanin ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda ke ciyar da ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Abin tsoron shi ne wannan lahani ba ya zuwa da zafi. Mutum yana iya yawo da suga 220 a jini, yana zuwa kasuwa, yana zuwa masallaci, bai ji komai ba sai ɗan yawan fitsarin dare. Aikinsa irin na gara ne a cikin azara: daga waje rufin yana nan lafiya, sai ranar da ya rufta. Ciwon da ba ya ciwo kuwa da wuya a ci gaba da kashe masa kuɗi kowane wata.

Tsoron allura, daga ɓangare biyu

Idan ƙwaya ta gaza, ana ƙara wata, idan ta kama a koma insulin. A nan ake yawan tsayawa. Mutane da yawa sun ɗauka allurar insulin alama ce ta cewa kwana ya ƙare, domin sun ga wani ɗan uwa da aka ɗora a kanta bai daɗe ba ya rasu, ko aka yanke masa ƙafa. Abin da ba su gani ba shi ne an makara ne kafin a fara masa. Sai ka ji ana cewa, "Likita, a taimaka a bar ni a kan ƙwaya, zan kiyaye."

Shi ma likitan yana da nasa jan ƙafar. Ka duba safiyar ranar masu suga a babban asibiti. Tun bayan sallar asuba an jera kati, mutane sun zo ba su karya ba saboda awo, wasu daga ƙauyuka masu nisa. Ƙarfe goma sha ɗaya ta yi, wata dattijuwa tana zaune a benci da ledar magungunanta a cinya, yunwa ta fara sa hannunta rawa. Idan layi ya zo kanta, 'yan mintuna ne rabonta. Koya mata yadda za ta zuƙi insulin a sirinji, da inda za ta tsira, da abin da za ta yi idan suga ya faɗi, yana bukatar rabin awa da babu. Mafi sauƙi a ce, "Mama, a ci gaba da maganin, a rage tuwo, a dawo bayan wata uku." Haka wata uku ke zama shekara uku. Wannan jinkirin ƙara magani sananne ne a duniya, har a ƙasashen da ke da wadatar likitoci, balle inda likita ɗaya yake ganin layin da ya kai bakin ƙofa.

Sai maganar ajiya. Insulin ba ya son zafi, ga shi a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yana haura digiri 40, wutar lantarki kuwa sai an gan ta. Akwai labari mai daɗi a nan. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi da Jami'ar Janiba, aka wallafa a 2021, ya gwada insulin a irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a arewacin Kenya, inda yanayi ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, aka ga yana riƙe ƙarfinsa na mako huɗu, wato tsawon lokacin da ake amfani da kwalba bayan an buɗe ta. Idan zafi ya wuce haka, tukunyar ƙasa tana taimakawa. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan lambu har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, irinta ake amfani da ita a wasu ƙasashe masu zafi don ajiye insulin. A sa kwalbar cikin leda ko ƙaramin gwangwani kada ruwa ya taɓa ta, a ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Aljihu

A ganina wannan shi ne babban dalili a wajenmu, kuma shi aka fi jin kunyar faɗa. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Ciwon suga kuwa ba zazzaɓi ba ne da za a yi karo-karo a saya maka magani na kwana uku a gama. Kullum ne, har ƙarshen rayuwa, kuma sau da yawa tare da hawan jini da nasa magungunan.

Daga tsakiyar 2023, bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira, farashin magunguna ya yi tashin da kowa ya shaida. A cikin 2023 ɗin ne kamfanonin magunguna na GSK da Sanofi suka sanar da daina gudanar da harkarsu kai tsaye a ƙasar, suka koma sayarwa ta hannun dillalai. Mai ciwon suga bai bukatar a karanta masa wannan a jarida. Ya gani a kantar kemis.

Abin da ke biyo baya ba a rubuta shi a fayil. An ce ƙwaya biyu a rana, sai ya koma ɗaya don ta kai ƙarshen wata. Ko ya sha yau ya tsallake gobe. Ko ya sayi katin ƙwaya ɗaya na kwana biyar, sauran sai albashi ya shigo. Magidancin da ke zaɓa tsakanin mudun masara da maganinsa, masara zai ɗauka, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Ranar asibiti idan aka tambaye shi ko yana shan magani, zai ce yana sha, domin ba ƙaramin abu ba ne namiji ya ce wa likitan da yake sa'ar ɗansa, a gaban nas, ba shi da hali. Likita ya ga suga a sama, ya ɗauka magani ne ya gaza, ya ƙara wani mai tsada a kai.

Na'urar awo ma haka. Ana iya samun ta kyauta daga wani ɗa ko ƙani, amma tsinken da ake sa mata kowane awo sai an saya, sai ta ƙare a cikin durowa. HbA1c kuwa ba kowane asibiti ke yin sa ba, inda ake yi kuma kuɗinsa kan sa a ɗage shi. Akwai ma wani abin lura da ya shafe mu musamman: ciwon sikila da ƙarancin jini suna iya sa wannan awon ya ba da lambar da ba daidai ba, don haka wajibi ne mai irin wannan lalura ya sanar da likita.

Tukunya ɗaya

"A daina cin kaza da kaza" magana ce mai sauƙin faɗa a ofis. A gidan da ake girka wa mutum goma sha biyar, tukunya ɗaya ce, kuma abin da ke cikinta shi ne mafi arha: tuwon masara, shinkafa, taliya, garin kwaki. Da safe koko da suga, ko shayi da burodi. Matar da ke da ciwon ita ce sau da yawa mai girkin, amma ba ita ke cefane ba. Idan maigida ne, ware masa tukunya nauyi ne a kan gidan duka.

Sannan shawarar da ake bayarwa kanta tana da gyara. An cusa wa mutane cewa alkama da acca su ne abincin masu suga, har wasu suna ganin za su iya cin malmala uku ta tuwon alkama ba komai. Alkama ma sitaci ce, idan aka niƙe ta lukui aka tuƙa, tana ɗaga suga. Yawan abin da aka ci shi ne kan gaba. Malmala ɗaya madaidaiciya ta tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa mai yawa, da wake, da kwaɗon zogale ko rama a gefe, ta fi tulin tuwon alkama amfani, kuma ba ta raba mutum da abincin gidansu ba. Dokar da ta hana mutum duk abin da ya saba ci, mako biyu ake bin ta a watsar.

Inda ya kamata a tsananta shi ne abin sha. Robar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da suga kimanin giram 50, cokalin shayi goma sha biyu ko fiye, kuma da yake ruwa ne, nan da nan yake shiga jini. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya dubiya da sunan ƙarin jini shi ma suga ne. Haka zoɓo da kunun aya da fura idan an zuba musu suga. Zuma tana da daraja a wajenmu, dabino ma haka, amma dukansu suna ɗaga suga, kuma faɗin haka ba raina su ba ne. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Da irin tsadar yau, naira 10 ba ta hana kowa saya.

Motsa jiki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako. Ɗan kasuwar da ke zaune a shago daga safe zuwa magariba, ya hau babur zuwa gida, bai samu ko kusa ba. Matar da ba ta cika fita ba ta fi shi wahala. Tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci, ko a tsakar gida ce, tana rage hawan da suga ke yi a wannan lokacin.

"Ai na warke"

Mutum ya sha magani wata biyu, ya auna ya ga 105, sai ya yi hamdala ya ajiye. Maganin ne ya saukar da shi, amma ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa haka. Wani kuma metformin ne ya ɓata masa ciki a makon farko, gudawa da tashin zuciya, ya bari bai faɗa ba, alhali da an fara masa da kaɗan, yana sha a tsakiyar abinci, yawanci cikin yana sabawa. Wani ƙwayar glibenclamide ya sha bai ci abinci ba, suga ya faɗi, gumi ya keto masa, ya ga mutuwa da idonsa. Daga ranar ya gwammace sugan ya zauna a sama.

A wannan giɓin masu maganin gargajiya suke shiga, da lasifika a kan mota da tallar rediyo, suna alkawarin abin da asibiti ba ya alkawari: warkewa gaba ɗaya. Ba a raina tsirrai ba, shi kansa metformin asalinsa daga binciken wani tsiro ne na Turai. Amma an auna shi, an san yawan da ake sha da abin da yake yi wa ƙoda. Jarkar jiƙo ba wanda ya san abin da ke cikinta, kuma babbar illarta ita ce ajiye maganin asibiti da ake yi saboda ita. Abu mafi kusa da warkewa da bincike ya tabbatar shi ne rage ƙiba sosai a farkon ciwon. A gwajin DiRECT na Birtaniya, da aka wallafa a 2017, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka sa a tsarin rage nauyi sun kai shekara sugansu yana daidai ba magani. Masu ƙiba ne da ba su wuce shekara shida da ciwon ba, a ƙarƙashin kulawa, kuma idan nauyin ya dawo ciwon yana dawowa.

Akwai kuma masu ɗaga suga a ɓoye. Ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone, da ake saya a kemis don ciwon gaɓoɓi ko a sha don a yi ƙiba, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, suna harba suga sama sosai. Ciwon dasashi, gyambon ƙafa, ciwon mafitsara da tarin fuka duk suna hana shi sauka, shi kuma yana hana su warkewa. Rashin barci da minshari mai yanke numfashi suna da hannu. Damuwa ma haka: wanda baƙin ciki ya danne ba ya tuna ƙwaya, ba ya kuma ganin amfanin tunawa, kuma da wuya a tambaye shi halin da zuciyarsa take ciki.

Azumi

Binciken EPIDIAR da aka yi a ƙasashe 13 kan azumin 2001 ya gano kusan kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu sun azumci aƙalla kwana 15. A cikin watan, faɗuwar suga mai tsanani ta ninka fiye da sau bakwai, hawansa mai tsanani kuma sau biyar. Duk wanda ya san faranti a lokacin buɗa-baki ya san dalilin hawan: kunu da suga, ƙosai, dankali, lemo mai sanyi, sannan tuwo bayan tarawihi. Faɗuwar kuma tana zuwa ne ga wanda ya sha cikakken maganinsa da sahur kamar ranar da zai ci abincin rana.

Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, amma mutane da yawa za su yi azumin, kuma da yawansu za su iya idan an shirya. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da ƙawancen likitocin DAR, a 2016 da 2021, sun ce a ga likita mako shida zuwa takwas kafin Ramadan, wato tun cikin Rajab, a sake tsara lokacin magani da yawansa. Sun ce tsira yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a sha ruwa. Wannan saƙo ya fi shiga idan daga bakin liman ya fito, don haka ya kamata asibitoci su kai shi masallatai kafin watan ya kama.

Idan aka koma kan maganar aljihu, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan Najeriya, jihohi kuma suna da nasu hukumomin taimakekeniya. Ga mai ciwon suga, ma'aunin wannan doka shi ne ko metformin da insulin da tsinken awo suna nan a asibitin da ke kusa da shi duk wata, da ko za a yi masa HbA1c aƙalla sau biyu a shekara ba tare da ya sayar da akuya ba. Kafin a kai can, akwai abin da ba ya cin ko sisi. Nas ko likita ya daina tambayar "Kana shan magani?", ya ce, "Baba, a watan nan kwana nawa maganin ya yanke?" Shi kuma marar lafiya ya zo da duk abin da yake sha a leda, har da jiƙon da na ciwon gwiwa, ya zube su a kan tebur.